Tambayi Kawu: Wikipedia ta Yarbanci, rumfuna birjik, ina masu ciniki?

Wasiƙu uku suka haɗu a kan magana ɗaya a wannan fitowar, duk daga nan Legas. Masu tambaya kan kuɗin hayar shago su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni haifaffen Agege ne, ina gyaran waya a Ikeja. Yarbanci a bakina tamkar Hausa, don da shi na yi wasan ƙasa. Shekara biyu ke nan ina ɗan taɓa rubutu a Wikipedia ta Hausa idan kasuwa ta yi sanyi. Abokina Bayarabe da muke shago ɗaya ya ce in zo mu taimaka wa tasu. Da na leƙa sai na yi ta cin karo da shafuka masu layi ɗaya tal, wasu ma kan duwatsun sararin samaniya ne. Shi kansa abokin nawa ta Turanci yake karantawa. Me ya jawo haka, ta ina gyara zai fara, kuma ni Bahaushe ina da hurumin sa hannu? Daga ɗanka mai gyaran waya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Duwatsun nan da ka gani suna da tarihi. An kafa Wikipedia a 2001, ta Yarbanci kuma tana cikin na farko-farko a harsunan Afirka, amma ta daɗe hannuwan da ke riƙe da ita ba su taka kara sun karya ba. A 2012 Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya ba wani marubucinta mai laƙabin Demmy kambun gwarzon shekara, saboda ya ƙera manhajar da ta juya gajerun muƙaloli kimanin 15,000 daga Turanci zuwa Yarbanci. Ban ga laifinsa ba. Mutum ne ya ga fili ba kowa, ya kafa turaku don a san da mai shi. A lokacin ma da yawan muƙala ake auna kowane harshe. Ta harshen Cebuano na ƙasar Filifin ta haura muƙala miliyan 6, akasarinsu manhajar wani mutumin Suwidin ce ta zuba su. Sai dai ka je Mile 12 da asuba lokacin da motocin tumatir ke saukewa, ka ga abin da Hausawa ke nufi da mutane su ne kasuwa ba tarin rumfuna ba. Abokinka ya tarar da rumfa a buɗe ba kaya, ya wuce inda ake ciniki. Ni ma haka zan yi.

Kafin in ce maka ga inda za ka fara, bari in ba ka labarin abin da ya ci mini rabin albashi. Ina saurayi na yi aikin jera haruffa a wata maɗaba'a a Shomolu. Katin biki da takardun addu'ar mamaci su ne abincinmu. Wata rana aka kawo katin ɗaurin aure da Yarbanci, ina sauri, na manta ɗigo biyu a ƙarƙashin kalma ɗaya. Ọkọ, wato miji, ya fito oko, wato gona. Uwar amarya ta zo da kanta, gwaggwaro ya kusa taɓa silin, tana tambayar maigidana ko gona ta ba 'yarta. Allah ma ya rufa asiri, don kalmar nan idan ka ɗaga muryar ƙarshenta tana da wata ma'anar da ba zan rubuta a mujallar da yara ke ɗauka ba. Aka sake buga katin da kuɗina.

Tun ranar na daina raina ɗigo. Yarbanci murya uku gare shi, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, su da kansu da do-re-mi suke koya wa yara. Ọkọ miji, ọkọ̀ mota ko jirgi, ọkọ́ fartanya, ọ̀kọ̀ mashi. Igba ɗari biyu, igbá ƙwarya, ìgbà lokaci, ìgbá gauta. Mu da muke fama da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kaɗai mun san yadda baƙi ke komawa baki, ƙasa ta koma kasa, to su nasu ya ninka namu. Muƙalar da ba alamomin nan, mai karatu cinta yake yi kamar shinkafa mai tsakuwa, kowace loma sai ya tsaya. Layi uku ya gaji.

Nan ne zan ja kunnenka. Iya magana daban, iya rubutu daban. Yarbancin da ka koya a titin Pen Cinema na Agege na ciniki ne da zolaya da faɗa da kwandasta. Na rubutu kuwa an daɗe ana yi masa ƙa'ida: Samuel Ajayi Crowther ya fitar da littafin kalmominsa a 1843, aka yi taron daidaita rubutun a nan Legas a 1875, Farfesa Ayo Bamgbose ya sake tayar da maganar a 1965, har aka zo ga ƙa'idojin 1974 da makarantu ke bi. Ka sa Yarbanci a allon rubutun wayarka, Gboard na da shi, sannan duk abin da ka rubuta ka ba wanda ya karanci harshen a aji ya duba kafin ka wallafa. Wata 'yar dabara kuma: yawancin mutane ba sa sa alama idan suna nema a waya, don haka duk muƙalar da kuka gyara ku yi mata shafin turawa daga sunan da ba alama zuwa sahihin sunan.

Sai fassarar inji. Tun ƙarshen 2013 Google ya sa Hausa da Yarbanci da Ibo a manhajarsa ta fassara, Wikipedia ma tana da kayan fassara nata. Cikin minti biyar yaro zai juye doguwar muƙala ya danna wallafa, ya ƙirga ta cikin aikinsa. Kalmomin na Yarbanci ne, ƙashin bayan na Turanci. Idan kuma aka sa gasa aka ce kyauta ta wanda ya fi yawan muƙala ce, to an buɗe famfo. A 2020 aka gano cewa dubban muƙalolin Wikipedia ta harshen Scots na ƙasar Sikotilan wani matashi Ba'amurke ne da bai iya harshen ba ya rubuta su, da kyakkyawar niyya kuwa, masu harshen suka koma kwashe shara. Awon da nake ba ku mai sauƙi ne. Ku karanta muƙalar da ƙarfi a gaban iya mai sayar muku da amala. Idan ta ce "kí lo wí?", me ka ce, ku koma ku sake.

Yanzu ga tambayar da ta fi nauyi, wadda abokinka ya amsa da ƙafarsa: me zai sa Bayarabe mai jin Turanci ya karanta ta Yarbanci? Ba zai zo don tarihin Faransa ba, wancan ya fi cika a Turanci. Abu biyu ne za su kawo shi. Ko dai abin da yake son ji da harshen uwarsa don ya karanta wa tsohuwarsa, irin hawan jini da sikila da zazzaɓin cizon sauro da yadda ake karɓar katin zaɓe. Ko kuma abin da Turancin bai damu da shi ba: ƙananan garuruwa da jerin sarakunansu, bukukuwa irin Eyo, mawaƙan fuji da apala, 'yan fim, abinci, sana'o'i. Kowane shafi na nuna sau nawa aka buɗe shi. Ku duba waɗanda aka fi buɗewa, ku zaɓi ashirin, ku zauna a kansu wata uku har su zama abin nuna wa baƙo. Wannan ya fi sababbin rumfuna ɗari biyu. Wanda kuka gama ku tura shi zaurukan WhatsApp na unguwa da na tsofaffin ɗalibai, don muƙala ba ta da ƙafar zuwa neman mai karatu.

Hurumi kuwa kana da shi, har da wani kaya da abokinka ba shi da shi. Wa ya fi ɗan Agege sanin goro? Goron da Yarbawa ke kira obì gbàǹja, sunan nan daga Gwanja ya zo, inda fataken Hausa suka yi ta safara da jakuna kafin a fara noma shi a nan kudu. Goro da layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911, su suka zaunar da kakanninmu a Zangon Agege. Ga mayankar Oko-Oba, ga kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, ga kalmomin da muke tarayya da su kamar àlùbọ́sà da wàhálà da àlàáfíà. Duk wannan tarihin Legas ne, kuma ya cancanci a same shi da Yarbanci. Kana da waya mai kyamara, ka ɗauki hoton huhun goro da hannunka ka ɗora a Wikimedia Commons, rumbun hotunan Wikipedia, kada ka kwaso na wani daga Facebook.

Abu ɗaya zai ba ka haushi, gara ka sani tun yanzu. "Kakana ya faɗa mini" ba ya zama manazarta a Wikipedia, ko da kakan naka ya fi littafin gaskiya. Sai abin da aka buga. Amma Yarbawa ba matalauta ba ne a nan. Jaridar farko a ƙasar nan, Iwe Irohin, da harshensu ta fito a Abekuta a 1859, shekara 80 cif kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ga Alaroye a wurin masu jarida, ga sashen Yarbanci na BBC tun 2018, ga ɗakin karatun Jami'ar Legas a Akoka. Ka ware Asabar ɗaya a wata.

Idan ka shiga, ka shiga da sallama. Ka gabatar da kanka a shafin tattaunawarsu, ka ce kai Bahaushe ne, ga abin da ka sani, ga inda kake neman a duba maka. Suna da ƙungiyarsu ta masu rubutu kamar yadda muke da tamu. Idan wani ya goge maka aiki, ka tambayi dalili kafin ka mayar. Da ɗan gari akan ci gari.

TAMBAYA: Kawu, ni malamar Islamiyya ce a Idi-Araba, 'ya'yana uku suna boko. Ana ba su aikin gida na Yarbanci, ni kuwa na cefane kawai na iya. Babbar takan kwafo daga Wikipedia. In bar ta? Daga 'yarka.

AMSA: 'Yata, aikin gidan nan ba zai ragu ba. Tun 2018, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, majalisar jihar ma takan yi zamanta da shi ran Alhamis. Kada ki hana ta buɗewa, kwafewar za ki hana. Ko ba ki iya harshen ba, idonki zai iya duba abu biyu. Shin kalmomin na ɗauke da ɗigo a ƙasa da 'yan sanduna a sama, ko fayau suke kamar Turanci? Shin a ƙasan shafin akwai jerin inda aka samo bayanin? Idan babu ko ɗaya, ta rufe ta ɗauko littafin makaranta. Idan akwai, ta karanta, ta kife wayar, ta rubuta da bakinta. Kin fi ni sanin bambancin yaron da ya haddace da wanda ya leƙa allon maƙwabcinsa.

In kina da fuska wurin malamin Yarbancinsu, ki ba shi shawara ya buga shafi ɗaya a takarda ya raba wa aji, su farauto kurakurai da jan biro. Yara na son kama babba da kuskure. Abin da suka gano shi malamin ya shiga ya gyara, ya nuna musu a waya washegari.

TAMBAYA: Malam, yarona ya ce yana rubutu a abin nan har da na Yarbawa. Nawa ake biya? Kuma mu namu harshen ya ƙoshi ne da za mu je yi wa wasu noma? Alhaji, daga Alaba Rago.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, ba a biya. Aikin sa-kai ne. Gidauniyar Wikimedia mai kula da Wikipedia takan tallafa wa ƙungiyoyi da kuɗin taro da na data, wani lokaci a sa 'yar kyauta a gasa, amma ba albashi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya buɗe maka shafi da sunanka, ka riƙe aljihunka, don irin shafin nan sau da yawa gogewa ake yi.

Namu bai ƙoshi ba, kuma ciwon da na lissafa a sama duk muna da shi: fassarar inji, ƙugiyoyin da aka zubar, muƙala mai layi ɗaya. Amma ban ga asara ba. Yaron da ya je Akoka ya tono tarihin cinikin dabbobi a Legas, bincike ɗaya ya yi, muƙala biyu zai fitar, ta Hausa da ta Yarbanci. Kai kanka Alhaji, ragunan da ka sayar a Sallar bara, nawa ka yi cinikinsu da Hausa? Ka bar shi ya yi, sharaɗin kawai ya gama lissafin shago tukuna. Idan ya rubuta ta Alaba Rago, ka sa ya karanta maka ta Hausar, ka gyara masa sunayen raguna, don na tabbata bai san bambancin balami da uda ba.