"Sign in", "Log in" da "Sign up": wanne ake taɓawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na canza waya, na sauke Facebook, sai ya nuna mini wurare biyu, "Log in" da kuma wurin buɗe sabon asusu. Na taɓa na biyun, na cike komai, amma da na shiga babu ƙawayena, babu hotunana. Shafina ya ɓace ke nan? Kuma a Gmail "Sign in" nake gani, shin daban ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, tsohon shafinki na nan daram. Abin da kika yi shi ne rajista, wadda manhajoji da yawa ke rubuta wa "Sign up" ko "Register". Ita sau ɗaya ake yin ta, ranar da mutum ya fara zuwa: a tambaye shi suna, ranar haihuwa, lambar waya ko imel, sannan ya zaɓi kalmar sirri. Kamar ranar da aka ba ki makullin ɗaki ne. "Log in" kuwa shi ne ki dawo da makullin nan ki buɗe ƙofa. Alamar da za ki riƙe ita ce yawan gurabe. In kika ga gurbi biyu kacal, na lamba ko imel da na kalmar sirri, shiga ce. In kuwa ana tambayarki shekara da jinsi, har a ce ki ƙirƙiri kalmar sirri, to ki tsaya, sabon ɗaki ake gina miki.

Ina kyautata zaton da sabuwar lamba ko wani imel kika cike, domin da tsohuwar kika sa, da an sanar da ke akwai asusu a kanta. Ki fita daga sabon, ki shiga da tsohuwar lambar. In kalmar sirrin ta shige miki, akwai rubutun "Forgot password" a ƙasan gurbin, za a turo miki lambobin tabbatarwa.

Shi kuwa "Sign in" da "Log in" duk abu ɗaya ne, zaɓin kamfani ne kawai. Google na cewa "Sign in", Facebook na cewa "Log in". Kalmar "log" daga jiragen ruwa ta samo asali, littafin da matuƙa ke rubuta abin da ya faru a tafiya. Da aka fara kwamfutocin da mutane da yawa ke aiki a kansu lokaci guda, irin na cibiyar MIT a Amurka a farkon shekarun 1960, sai na'ura ta riƙa rubuta wa ya shiga, yaushe ya fita, sunan ya bi ta. Microsoft ma "Log off" take rubutawa a wurin fita har Windows 7, sai a Windows 8 ta 2012 ta koma "Sign out". A ganina masu haɗa "Sign in" da "Sign up" a allo ɗaya ba su kyauta wa jama'a ba. Harafi biyu ne kawai ya raba su, ga rubutun ƙanana, ga mutum cikin sauri.

Tambaya: Malam, in na rufe manhaja ko burauza, na fita ke nan?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kuma wannan ta fi damuna. Lokacin da ka shiga, shafin na ajiye wata 'yar shaida a na'urar don kada ya riƙa tambayarka kalmar sirri kullum. Rufe manhaja ba ya goge ta, sau da yawa ko kashe wayar ma ba ya yi. Sai ka taɓa "Log out" ko "Sign out". A wayarka babu laifi ka bar shi a buɗe muddin allon na da makulli. Amma in wayar aro ce ko kwamfutar ofis, duk wanda ya zauna bayanka zai karanta saƙonninka, ya ma yi rubutu da sunanka. In ka riga ka bar wurin, shiga saitin tsaro na asusun daga wayarka, za ka ga jerin na'urorin da kake ciki, ka fitar da wadda ba taka ba, sannan ka canza kalmar sirri. Kada ka ji tsoron fita, ba ta goge asusunka. Mai gogewa shi ne "Delete account".