Wane bango ya dace da littafin rubutu idan ana son a tausaya wa muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'anta da nake buga littattafan rubutu na ɗalibai da na ofis. Masu saye sun fara tambayata ko bangon da nake sakawa an yi shi da kayan da aka sake sarrafawa. Dillalai kuma kowa da abin da yake kawo mini: wannan ya ce takardar dutse, wancan ya ce fatar ganyen abarba, wani ya ce robar da ke ruɓewa. Ni kuma tsorona in bar leda, bango ya yage a jakar ɗalibi tun zango bai ƙare ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tsoronka yana kan hanya. Littafin da bangonsa ya ɓalle aka jefar da shi da rabin shafukansa ba a rubuta komai ba, ɓarnarsa ta fi ta ledar da aka guda. Don haka ƙarko shi ne sharaɗi na farko. Na biyu kuwa, ranar da littafin ya gama aiki, a iya jefa shi gaba ɗaya cikin tarin tsofaffin takardu ba sai an zauna ɓanɓare wani abu ba. Abin da ya cika sharuɗɗan nan biyu cikin sauƙi shi ne kwalin da aka yi da tsohuwar takarda, kuma da shi nake ba ka shawara ka fara.

Ga littafin ɗalibi mai bango mai lanƙwasuwa, nemi kwali mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita. Ga mai bango mai tauri, kwalin nan mai launin toka da masu ɗaurin littafi suka daɗe suna aiki da shi, mai kaurin milimita 1.5 zuwa 3, dama can da tsohuwar takarda ake yin sa. Da yawa suna amfani da shi ba su ma san suna da abin gaya wa masu saye ba.

Sai dai ka san halin wannan kwali. Takarda siraran zaruruwan itace ne da suka sarƙe da juna, kuma duk lokacin da aka jiƙa ta aka dama aka sake shimfiɗawa, zaruruwan suna gajarta, suna rage kama juna. Shi ya sa aka saba cewa sau biyar zuwa bakwai ake iya juya su. A wurinka illar tana fitowa ne a inda aka ninke bango: nan yake tsagewa, tawada ta fashe, farin layi ya bayyana. Maganin abu biyu ne. A danna layin ninki da inji kafin a ninke, kada a karya kwalin haka nan. Sannan a kula da inda zaruruwan suka fuskanta, domin injin yin takarda yana jera su ta gefe guda. Dole su bi tsawon littafin, su yi daidai da wurin ɗinki. In suka gitta, bango zai kantare da zarar ya sha danshin gam ko na iska, kuma babu matsar da za ta daidaita shi. Wani ƙorafin da ake yi cewa kwalin da aka sake sarrafawa ba shi da inganci, daga yankan da aka yi a gicciye yake tasowa. In kana son ƙarin ƙarfi, akwai takardar kraft mai ruwan ƙasa wadda ba a wanke ta da sinadarin faranta takarda ba. Zaruruwanta dogaye ne, tana jure yagewa, kuma ana samun wadda aka gauraya sabon zare da tsoho.

Yanzu batun leda, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Ledar da ake mannawa a kan bango yawanci robar polypropylene ce, siririya ƙwarai. Tana kare ruwa da datti, wannan ba musu. Matsalar tana can masana'antar sake sarrafa takarda, inda ake zuba takardu cikin babban kaskon ruwa a dama su har su narke. Leda ba ta narkewa. Sai an tace ta, tana tafiya da wani kaso na zaruruwan da suka manne mata, a ƙarshe a ƙona ko a binne. Wasu masana'antun ma ba sa karɓar kwali mai leda in ya yi yawa. Ka ga ke nan mutum zai iya sayen kwali mai kyau ya lalata amfaninsa da abin da ya shafa masa a sama.

Madadinta shi ne shafen kariya mai tushen ruwa da ake yi a kan injin bugu bayan tawada. Yana hana tawada gogewa, yana ɗan kare yayyafi da gumin hannu, kuma yana bin ruwa a wurin damawa. Gaskiya bai kai leda tsare ruwa ba, littafin da ya faɗa cikin kwata ba zai tsira ba. Amma ga zirga-zirgar jaka ta zango ɗaya ko biyu ya wadatar, musamman in ka zagaye kusurwoyin bangon, tunda daga kusurwa lalacewa take farawa. Ka rage cika bango da tawada baki ɗaya, ka guji adon zinare na roba da tawadar da ake busarwa da hasken UV, domin cire ta daga zaruruwa yana da wuya. Ɗinkin zare ko ƙarfen sitefula sun fi gam mai zafi, wanda yake zama ɗigo-ɗigo masu danƙo da ke ɓata sabuwar takarda.

Kayan da dillalai suke kawo maka kuwa, ka tambayi abin da ya riƙe su. Takardar dutse kusan kashi 80 cikin ɗari garin dutsen farar ƙasa ce, sauran kusan kashi 20 robar HDPE. Ba ta jiƙewa, ba ta yagewa da sauƙi, ba a sare itace dominta ba, amma ba takarda ba ce, kuma in ta shiga cikin tsofaffin takardu gurɓata su take yi. Fatar ganyen abarba da ta ɓawon tuffa suna da kyan gani, sai dai galibi da roba ake haɗa su ko a shafe su don su yi ƙarko. Haka fatar da ake yi da ragowar yankan fata, niƙa ta ake yi a haɗe da danƙo. Robar PLA da ake yi da sitacin masara tana ruɓewa ne a masana'antar taki mai zafin kusan digiri 58, a juji kuwa tana iya daɗewa tana nan. A ganina waɗannan duka sun fi dacewa da bangon da ake cire littafi a saka sabo, wanda mutum zai riƙe shekaru. A nan ɓawon itacen kwak, wanda ake yin abin toshe bakin kwalba da shi, shi ma yana da kyau: ba a sare bishiyar, duk shekara 9 ake ɓare ta, kuma Fotugal ce ke samar da kusan rabin na duniya. Kwalin tuƙar rake da na gora su kam takarda ne na gaskiya, suna bin hanyar sauran takardu.

In aiki ya tilasta roba, kamar littafin da za a riƙa fita da shi cikin ruwan sama, ɗauki polypropylene zalla mai lamba 5, wato lambar da ake bugawa a jikin roba don nuna irinta, a ɗaure da waya yadda za a zare bangon cikin sauƙi. PVC mai lamba 3 kam ka rabu da shi.

Kada tambarin kibiyoyi uku masu zagaye ya ruɗe ka. In babu adadi a jikinsa, abin da yake nufi kawai ana iya sake sarrafa kayan. Ka nemi dillali ya rubuta maka kashi nawa ne tsohuwar takarda, kuma nawa ne daga wadda jama'a suka yi amfani da ita suka yar, domin ragowar yankan masana'anta dama ba ta cika zuwa juji ba. Tambarin FSC, ƙungiyar da ke ba da shaidar kula da dazuzzuka yadda ya kamata, iri uku ne: 100%, Mix da Recycled, na ƙarshen ne ya shafi abin da masu sayenka suke tambaya. Blue Angel, tambarin kare muhalli na Jamus, wanda aka kafa a 1978, yana buƙatar zaren takardar ya zama tsoho ɗari bisa ɗari. Kuma ba a buga tambarin FSC a littafi sai mai bugawa yana da takardar shaidar kansa.

Wani lissafi da nake so ka yi: littafi girman A5 mai warƙa 80 ta takarda mai giram 70 a murabba'in mita, shafukansa sun kai giram 174, bangon giram 300 kuwa bai wuce giram 19 ba. Wato bango kusan kashi ɗaya cikin goma ne na nauyin littafin. Idan ka gyara shi, ka waiwayi takardar ciki, can ne yawancin itacen yake.

Kafin ka sayi kaya da yawa, ɗinka samfuri goma na kowane kwali, ka raba wa ɗalibai su yi wata guda suna yawo da su, sannan ka duba wurin ninki da kusurwoyi. Ka kuma yagi guntun kowane bango ka jiƙa a ruwa ya kwana, ka murtsuke da hannu. Wanda ya bar maka fatar leda a tafin hannu, haka zai bar ta a masana'anta.