Ga ɗan yayata mai son zuwa Amurka buga besbol

Ɗana, saƙonka na uku ke nan a wata guda, kuma duk magana ɗaya ce: ka ga bidiyo a TikTok, wani ya ce wakili ne, ka turo kuɗin fom ya haɗa ka da ƙungiyar besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda. Kada ka ba shi ko sisi. Ƙungiyoyin nan ba sa sayar da fom, su ke biyan yaro in suna son sa.

Shekarunka 21. A wannan wasa, ga wanda ya fito daga wajen Amurka, ka tsufa. Suna ɗaukar yara tun suna 16, yawanci daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela, kuma duk manyan ƙungiyoyi 30 suna da makarantar horo a Dominika. Yaran can da sanda a hannu suka tashi. Kai fa, a wane fili a Kano ka taɓa fuskantar ƙwallon da ke gudun mil 90 a awa?

Kuma ko an ɗauke ka, ba abin da ka gani a waya za ka tarar ba. Ƙananan rukunai za ka fara, hawa hawa, kafin ka ji ƙamshin babban rukuni. Kafin 2023 ɗan wasan matakin ƙasa dala 4,800 yake samu a shekara. Sai da suka shiga ƙungiyar ƙwadago aka mai da shi 19,800. Na matakin ƙarshe a ƙananan rukunai, Triple-A, a 2023 mafi ƙarancin albashinsa dala 35,800 ne. Kada ka buga lissafi da naira, a nan tsadar rayuwa ce za ta lashe shi. Ni da tuƙin tirela na fi su samu, kuma babu wanda ya taɓa tafa mini.

Na gani da idona. Wata bazara, tun kafin a tilasta wa ƙungiyoyi ba 'yan wasa masauki a 2022, na ba wani yaro ɗan wasa, ɗan Dominika, hayar ɗakin ƙasa na gidana. Katifar iska yake kwana a kai. Abincinsa burodi da tunkuzar gyaɗa ta kwalba, sai in matata ta yi tuwo ya hau sama da kwano yana murmushi, don Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Su kwana a bas, gari ya waye su shiga fili. Ranar da kafaɗarsa ta lalace aka kira shi ofis, magana ba ta kai minti biyar ba. Da aikin bizarsa take ɗaure, don haka ta bi ruwa. Ni na kai shi filin jirgi, jakarsa ɗaya. Har yau abin na ci mini rai, kuɗin hayar wata biyu ma ban iya tambayarsa ba.

Na san za ka kawo mini Gift Ngoepe. E, ya kai. Ɗan Afirka ta Kudu ne, ya girma a ɗakin kulob ɗin Randburg inda mahaifiyarsa ke aiki, wato a bakin fili ya buɗe ido. Ƙungiyar Pittsburgh ta Amurka ta ɗauke shi a 2008, bai taka babban rukuni ba sai Afrilun 2017, haifaffen Afirka na farko da ya kai can. Duk wasannin da ya buga a can ba su kai 50 ba.

In da gaske zuwa kake so, turo mini sakamakon digirinka mu duba makarantu, kuɗin neman gurbi biyu a kaina. Lambar wakilin nan kuma ka ba ni, ina da magana da shi. Ka gaishe da Yaya, ka ce maganin ƙafarta na tafe.