Ɗan haya ya tashi ya bar maka gida a lalace: ga abin da na gani a nawa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya na karanta tambayarka, na ce bari in samu natsuwa kafin in amsa. Ka ce ka ba ɗan hayarka notis, ya tashi, ka shiga ka tarar an farfasa tayil, an ɓalle ƙofofi, an zare wayar wuta daga bango, kana tambaya ko ka kai shi ƙara ko ka haƙura. Allah ya mayar maka da alheri. Shekara 14 ke nan ina ba da haya, kuma irin wannan ta taɓa samuna.

Nawa mutumin ya yi shekara 3 a gidan. Biyun farko babu wanda ya ji kanmu. A ta uku biya ya fara ja, muka yi sa-in-sa a gaban iyalinsa, na faɗa masa maganar da har yau nake nadamarta, sannan na aika masa notis. Ranar da ya aiko yaro da makulli na shiga na ga gida tsaf, har shara aka yi. Sai da sabon ɗan haya ya kwana biyu ya kira ni, wai ruwan ban ɗaki ba ya wucewa, ta ƙasa yake dawowa. Mai gyaran famfo ya zura sandarsa, ta tsaya cak. Da aka fasa daɓe sai ga bututu cike da siminti, ya daskare ya ɗauki siffar bututun sak. Mai gyaran ya ɗago guntun ya miƙo mini, ya ce, "Alhaji, wannan ba tsautsayi ba ne, hannu ne." Siminti ba ya jiran iska kafin ya kama, a cikin ruwa ma kamawa yake yi. Cikin 'yan awoyi ya fara daskarewa, kafin kwana 28 ya kai ƙarfinsa. Maganin wanke bututu na kasuwa ba ya yi masa komai. Sai da muka tayar da tayil, muka haƙa, muka canza layin gaba ɗaya.

Shi ya sa nake cewa kada ka yi saurin kiran magini. Abin da idonka ya gani, sau da yawa shi ne mai sauƙin. Wanda ya iya zare waya don ya sayar da jan ƙarfen da ke ciki, bai kamata ka amince da sauran gidan ba. Ka kira mai aikin wuta ya duba mita, ko an taɓa ta, ko an bar maka bashi a kai. Ka zuba bokitin ruwa a kowace magudana ka tsaya ka ga ya wuce. Ka duba bango ko akwai danshi, domin ruwan da aka bari yana tsiyaya cikin gini yakan kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, watarana ka ga kankare yana tsagewa ba ka san mafari ba. Duk wannan ka ɗauke shi a hoto da bidiyo kafin a taɓa komai, masu gyara kuma su rubuta maka ƙiyasin kuɗi a takarda su sa hannu.

Ni abin da ya fi ci mini rai ma ba kuɗin gyaran ba ne. Wata 3 gidan ya yi a rufe, sabon ɗan hayar ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma da gaskiyarsa.

To, batun ƙara. Ɓarna da gangan laifi ne a dokokin ƙasashe da dama, amma kada ka yi mamaki idan ka kai rahoto aka ce maka wannan tsakaninku ne, ku je kotu. A kotu kuwa kai ne mai da'awa, hujja a wuyanka take. Tambayar farko da lauya ya yi mini ita ce, "Yaya gidan yake ranar da ya shiga, kuma me za ka nuna?" Ba ni da ko hoto ɗaya. Shi kuwa abin da zai ce bai wuce kalma huɗu ba: haka na same shi. Sannan alƙali yana raba tsufa da ɓarna. Fenti ya dushe, famfo ya fara ɗiga, makullin ƙofa ya saki, wannan na mai gida ne, yana cikin kuɗin hayar da ka karɓa. Idan ka cusa su cikin lissafi, ƙararka za ka raunana. Ka tsaya kan abin da hannu ya yi.

Ka kuma sani, hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Mutumin da haya ta gagare shi, me za a karɓa a wurinsa? Idan akwai wanda ya tsaya masa a takardar yarjejeniya, ta nan za ka fara. Wasiƙar lauya guda ɗaya zuwa gare su su biyun takan yi aikin da zaman kotu goma bai yi ba. Idan gidan na da inshora, karanta takardar da kyau, domin da yawansu ba sa biyan ɓarnar da ɗan haya ya yi da gangan sai an ƙara wannan sharaɗin tun farko.

Ina roƙonka abu ɗaya, don na san zafin da kake ji. Kada ka riƙe kayansa da ya bari a matsayin jingina, kada ka watsa hotonsa da sunansa kana kiransa ɓarawo. Na ga mai gidan da ya cire wa ɗan haya ƙofa ya yanke masa ruwa don ya tashi, ƙarshe shi ya koma wanda ake ƙara.

Yanzu duk wanda zai shiga gidana, tare muke zagayawa ɗaki ɗaki da waya a hannu, mu rubuta abin da ke ciki, mu sa hannu, ya ajiye kuɗin ɓarna da zan mayar masa in ya fita lafiya. Amma inda na fi sa ido shi ne tsakanin ranar notis da ranar karɓar makulli, don a nan ake yin ta'adin, lokacin da mutum ke ganin an wulaƙanta shi kuma ba shi da abin da zai rasa. Ina zuwa da kaina, in yi magana da taushi, wani lokaci in yafe wata guda don a rabu da mutunci. Makulli kuma ba na karɓa daga hannun ɗan aike.

Ka faɗa mana ko kana da takardar yarjejeniya da hotunan gidan kafin ya shiga. Idan akwai, je ka ga lauya cikin makon nan, kafin a fara gyara.