Ina zan kama shago don Habashawan gundumar Montgomery?

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga jihar Maryland ta Amurka: "Shekarata 9 a nan ina tuƙin motar haya, na tara dala dubu 60. Kafin in zo, kayan masarufi nake sayarwa a Kano. Na ga wani jadawali na yawan 'yan asalin Habasha a garuruwan gundumar Montgomery, Silver Spring ce kan gaba. In kama shago a can in sayar musu da kayan abinci da naman halal?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa abin da ka tara albarka. Amsata a gajarce ita ce kada ka sa hannu a takardar hayar shago yanzu.

Jadawalin bai yi maka ƙarya ba. Yankin Washington, wanda ya haɗa da gundumar Montgomery, shi ne ya fi ko'ina tara 'yan asalin Habasha a Amurka. Sun fara zuwa da yawa bayan sojoji sun kifar da Sarki Haile Selassie a 1974, dokar 'yan gudun hijira ta 1980 ta buɗe musu ƙofa, daga baya bizar caca ta ƙaro wasu. Da farko harkokinsu suna cikin birnin Washington, a Adams Morgan da wajen U Street. Da haya ta yi tsada sai da yawa suka gangaro Silver Spring, Takoma Park da Wheaton, wasu suka ƙetara kogin Potomac zuwa Alexandria da Arlington a Virginia.

Sai dai ka san yadda ake samo waɗannan alƙaluma. Yawancinsu daga binciken da hukumar ƙidayar Amurka ke yi duk shekara suke, inda ake tambayar wani kaso na gidaje, sannan a ƙiyasta sauran. Mutum ne ke rubuta asalinsa da kansa. Wani zai rubuta sunan ƙabilarsa, kamar Oromo, wani ya ce shi ɗan Afirka ne kawai, ɗan Eritiriya kuma lissafinsa daban tun da ƙasarsu ta samu 'yanci a 1993, alhali abincinsu kusan ɗaya. Ga kuma wani abu: Rockville, Gaithersburg da Takoma Park birane ne masu hukumarsu da iyakokinsu, amma Silver Spring ba ta da hukumar birni. Adireshin da ke ɗauke da sunanta ya miƙe har White Oak da gaba, nesa da tsakiyar gari. Uwa uba, jadawalin inda mutane ke kwana yake nuna maka. Inda suke kashe kuɗi sai ka je ka gani da idonka.

Idan ka je za ka tarar an riga ka. Ka taka daga Fenton Street zuwa Georgia Avenue a tsakiyar Silver Spring ka ƙirga gidajen abinci, shagunan kofi da kantunan Habashawa. Matar da ta shigo sayen injera, wannan faifan gurasa mai tsami da ake yi da garin tef, tana son wanda za ta yi wa magana da Amharik, ya san barbaren da ya fi kyau, wato garin yajinsu, ya san shiro na gari, wato garin waken da suke miya da shi. Kai ma a Kano ka san yadda mai saye ke manne wa wanda ya saba da shi shekara da shekaru. Da dala dubu 60 da haya ta tsakiyar Silver Spring, ba za ka iya ƙwace wannan amana ba kafin jarin ya ƙare.

Maganar nama ce ta fi tayar min da hankali, domin a nan nake ganin kuɗinka zai iya nutsewa. Kiristocin Otodoks na Habasha ba sa cin alade, shi ya sa mutum kan ɗauka naman halal zai karɓu a wurinsu. A Habasha mahautan Kirista daban, na Musulmi daban, kuma masu riƙo da al'ada ba sa cin yankan ɗaya ɓangaren. Da yawa sun zo Amurka da wannan. Ka haɗa da azuminsu: kusan kowace Laraba da Juma'a, ga babban azumi na kwana 55 kafin Fasika, wato Istarsu, ga wani mai tsawo kafin Genna, Kirsimetinsu ta 7 ga Janairu, ga na watan Agusta. A kwanakin nan ba nama, ba madara, ba man shanu, ba ƙwai. Mai firji cike da nama a tsakiyar babban azumi zai sha wahala, mai buhunan jan waken da suke kira misir da albasa da mai kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa. Ranar da azumi ya ƙare kuma a yi ta neman kaji da raguna, haka a sabuwar shekararsu ta 11 ga Satumba da Meskel, bikinsu na gicciye, na 27 ga watan.

Wannan ba yana nufin babu masu sayen halal ba. A ƙidayar 2007 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Habasha Musulmi ne, kuma suna da jama'a a yankin. Ka je sallar Juma'a a masallacin First Hijrah da ke Georgia Avenue cikin Washington. Sunan ma ya isa ya tuna maka hijirar Sahabbai zuwa wajen Najjashi. Ka gaisa da mutane, ka tambaye su inda suke sayen nama da abin da suke rasa. Jadawalinka bai raba Musulmi da Kirista ba, don haka wannan lissafin da ƙafa za ka yi shi.

Wani jan kunne kaɗan. Mu da Hausa kowa Bahabashe ne, amma akwai 'yan Oromo da ba sa son a kira su Habasha, kuma yaƙin Tigray na 2020 zuwa 2022 ya bar ciwo a tsakanin iyalai har a Maryland. Kada ka rataya tutar kowa a shago, kada ka tsoma baki a siyasarsu.

Da ni ne kai, ta ƙofar sari zan shiga. Barbare, garin yajinsu, ana haɗa shi da barkono, citta, tafarnuwa, hulba da sauran kayan ƙamshi. Suna amfani da habbatus sauda, kuma shan kofinsu na al'ada ba ya cika sai da turaren wuta. Duk wannan hajar ka san ta tun gida, kuma busasshiyar cittar kudancin Kaduna ta yi suna a duniya saboda yajinta. Ka ware dala dubu 5 kacal, ka sayi kaɗan daga dillalan da suka riga suka shigo da kayan bisa ƙa'ida, ka zuba samfur a ƙananan ledoji, ka bi masu kanti da masu gidan abinci ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda kake tsoron gasa da su sai su zama masu saye a hannunka. Kuma kada ka ajiye tuƙin motar tukuna, shi ne zai ci gaba da biyan hayar gida. Idan ka kai ga yin odar kaya daga Najeriya da kanka, dole a sanar da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, kafin kayan abinci su iso, kilishi da duk wani nama kuwa ka cire su daga lissafi, ba a yarda a shigo da su ba.

In bayan wata shida har yanzu shagon kake so, ka yi shi na Afirka baki ɗaya: garin rogo, manja, shinkafa da halal ga 'yan Afirka ta Yamma da Musulmin ko'ina, da kusurwa ɗaya ta injera da barbare da za ka riƙa sarowa daga Habashawan da kansu. Ka duba Wheaton da bakin hanya ta 29 wajen White Oak, ka kwatanta haya da wurin ajiye mota da na tsakiyar gari. Ka lura da wuraren da aikin layin dogo na Purple Line ya taɓa, domin toshe hanya na kashe sabon shago. Hayar kanti a Amurka kan ɗaure mutum shekara 3 zuwa 5, sau da yawa da harajin gini, inshora da gyara a kanka, kuma mai gini kan nemi ka tsaya wa bashin da dukiyarka ta kanka. Misali, haya ta dala dubu 4 a wata ta shekara 5 alƙawarin dala dubu 240 ce, ninki huɗu na jarinka. Ka biya lauya ya karanta maka kafin ka sa hannu. Za ka buƙaci rajistar kamfani, lasisin ciniki na jihar, izinin sashen lafiya na gunduma, da izinin karɓar katin tallafin abinci na SNAP. Cibiyar SBDC ta Maryland tana ba ƙananan 'yan kasuwa shawara kyauta.

A Asabar mai zuwa ka ɗauki littafi da biro, ka zauna awa biyu kusa da kantin Habashawa ɗaya a Silver Spring, wata Asabar ka yi haka a Wheaton. Ka rubuta mutum nawa suka shiga, me suka fito da shi, a ina suka ajiye mota. Ka aiko min da abin da ka rubuta, sai mu yi lissafin tare.