Tambayoyinku: wai guguwar Amurka za ta iya zuwa Kano?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan ruwa da iska ne, ba mamaki tunda hadari ya fara haɗowa da yamma. Na ɗauki guda huɗu, sauran a yi haƙuri sai wani makon in Allah ya kai mu.

Wata uwargida daga Kurna ta ce: "Malam barka da aiki. Ni matar aure ce, yarana huɗu. Na ga wani bidiyo a Facebook na mahaukaciyar guguwa a Amurka tana yaye rufin gidaje, motoci suna yawo a ruwa kamar kwalaye, wallahi ranar ban yi bacci ba. Shin irinta za ta iya zuwa Kano? Kuma me ya kamata na tanada a gida? Na yi wa maigidan magana ya ce na daina yi mana mugun fata."

Hajiya kwanta ki yi baccinki, wannan irin ba ta zuwa Kano. Ita a kan teku ake haihuwarta, sai ruwan tekun ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 26 zuwa 27, tururin da yake tashi shi ne abincinta, kuma sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa ɗaya kafin ma a sa ta a ajin irin wadda kika gani a bidiyon. Da ta hau tudu ta rabu da ruwa sai ta fara laushi. Mu kuwa daga nan zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ina za ta samu ƙarfin ƙarasowa Kurna.

Amma ga abin da zai ba ki mamaki, da yawa daga cikin manyan guguwowin da suke dukan Amurka daga nan yankinmu suke faro tafiyarsu. Hadarin nan da kike gani yana tasowa ta gabas, ya zubar mana da ruwa ya wuce, to ba tsayawa yake ba, yamma yake nausawa har ya fita ta gaɓar Senegal ya faɗa Tekun Atlantika, a can wani ya mutu wani kuma ya samu ruwa mai ɗumi ya girma ya zama dodo. Shi ya sa lokacin guguwarsu, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya hau kan daminarmu. Kin ga kenan mu jaririyar muke gani, su kuma sai ta zama uwa take riskarsu.

Ko a can ɗin ma ba iska ce take yin babbar ɓarnar ba sau da yawa, ruwa ne. Guguwar Katrina ta 2005 da ta kashe sama da mutum 1,000, abin da ya nutsar da birnin New Orleans shingayen da suke tare ruwa ne suka ɓalle. To wannan kam mun san shi, ba sai an nuna mana a bidiyo ba. Manyanmu ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988 ba. Maiduguri a Satumbar 2024 dam ɗin Alau ne, mutane suna bacci ruwa ya shigo musu ɗaki. Mokwa a ƙarshen Mayun 2025 ma haka, kafin gari ya gama wayewa an rasa sama da mutum 150. Duk wanda kika ji labarinsa abu ɗaya yake faɗa, ba a samu lokacin ɗaukar komai ba.

Maganar mugun fata kuwa, ki gaya wa Alhaji cikin ladabi, lokacin da ya ci ya ƙoshi ba lokacin da ya dawo daga kasuwa a gajiye ba, cewa Annabi Yusuf alaihissalam shekara bakwai aka yi ana tara hatsi da shawararsa saboda yunwar da ba ta zo ba tukuna, kuma babu wanda ya ce mugun fata ya yi wa Masar.

Abu na farko takardu, kuma a kan wannan ni ganau ne. Wata shekara cikin Agusta ruwa ya kwana yana zuba, kwatar gidanmu maimakon ta fitar da ruwa sai ta dinga dawo da na waje ciki, wajen ƙarfe uku na dare na sauko da ƙafata daga gado na ji ta cikin ruwa har idon sawu, takalmana suna yawo a tsakar ɗaki. Muka ɗora yara a kan gado muka hau kwasa da bokiti da fanteka har asuba, babu wanda ya tuna da akwatin da yake ƙarƙashin gado. Da rana ta fito na buɗe shi, takardar gida da satifiket ɗina na sakandare sun manne da juna, ina ɓantarowa rubutun yana biyo yatsana. Wahalar da na sha kafin na samu madadinsu ba zan so maƙiyina ya sha ta ba. Don haka takardar gida, takardun haihuwar yara, katin ɗan ƙasa, takardun makaranta, katin asibiti, duk ki haɗa su a leda mai kauri ki ninka biyu, ki sa a bokitin fenti mai murfi ki ɗora saman wadrob. Ki kuma ɗauki hotonsu da waya ki tura wa wata 'yar'uwarki da ba unguwarku ɗaya ba.

Sai ruwan sha, wanda shi mutane suka fi mantawa saboda ana ganin ai ruwa ne ya yi yawa. To in ambaliya ta zo masai da rijiya haɗewa suke, daga nan amai da gudawa yake ɓarkewa, kuma mai garuwa ba zai shigo layinku da kurarsa ba. Ki lissafa kamar lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana uku, ku shida kenan jarka uku manya cike a rufe, kina juya su duk mako kar su daɗe. In ya ƙare a tafasa duk wanda za a sha. Ki ajiye ORS ɗin nan na leda, in babu kuma ki haɗa da kanki, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe ba a tsiri ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaro ya fara gudawa a fara ba shi ana kan hanyar asibiti, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Abinci ba sai na koya miki ba, wanda ba ya buƙatar wuta, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, sukari, madarar gari. Tocila mai batir, fawa banki a cike kullum, ƙaramar rediyo, da 'yan kuɗi a hannu ƙananan canji, don ranar da sabis ya ɗauke mai POS ba zai miki rana ba. In akwai mai hawan jini ko ciwon suga ko asma a gidan kar a bari maganinsa ya ƙare ƙarƙaf kafin a sayo wani. Sannan ki zaunar da yaran ki gaya musu in abu ya faru gidan wa za a nufa, wa zai ɗauki auta, kuma manyan su haddace lambar babansu da ka.

Wani bawan Allah daga cikin gari wajen Jakara ya ce: "Malam gidanmu na gado ne, ginin ƙasa, katangar ɗakin da tsohuwarmu take kwana ta tsage tun bara. 'Yan'uwa kowa ya ce ba shi da kuɗi, ita kuma ta ce ba inda za ta, a ɗakin aka kawo ta amarya. Ya zan yi?"

Ɗan'uwa wannan ita ce tambayar da ta fi tayar min da hankali a duk na makon nan. Ginin ƙasa ba ruwan farko ne yake kayar da shi ba, na Agusta ne, wanda zai kwana biyu uku yana yayyafi har katanga ta sha ta ƙoshi ta yi nauyi, sai cikin dare ta zauna a kan mutane. Kuma ba ta faɗuwa ba sallama. Ka je ka duba da kanka: in tsagar tana ƙara faɗi, in gindin katangar ya zaizaye ko ya yi danshi bai bushewa, in ta yi ciki ta turo waje, in ƙofar ɗakin ta fara ƙin rufuwa, in ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, to ta gama yi maka magana. Ka manna 'yar takarda a kan tsagar ka duba bayan kwana biyu, in ta yage katangar motsi take.

Kar kuma a yaudare ka da shafen siminti a kan ginin ƙasa, sau da yawa ɓoye ciwon kawai yake, ruwa ya shiga ta baya ya cinye ƙasar, kana ƙwanƙwasawa ka ji yana amsawa kamar ganga. Ka samo tsohon magini wanda ya san aikin ƙasa, ya hau soron ya duba indararo ko ya toshe, don in ruwa ya kwanta a saman soro shi kenan, a sake yaɓe, a cike gindin katanga yadda ruwa zai gangara nesa da ita. Wannan aikin rani ne, amma ko yanzu ya fi babu.

Ita kuma Inna ba a yi mata da gardama. Ka ce mata gyara za a yi, ta koma ɗakin kusa na kwana biyu, ka sa wanda take jin nauyinsa ya yi mata maganar, ƙaninta ko limamin unguwa. In ta ƙi sam, aƙalla a janye gadonta daga jikin wannan bangon yau ɗin nan. 'Yan'uwanka kuwa ka tara su ka nuna musu tsagar ido da ido, ba a waya ba.

Tunda muna kan gini bara na ƙara da masu rufin kwano, su iskar farkon damina ce abokiyar gabarsu. Yawanci ba kwanon kaɗai take ɗauka ba, har katakon take tafiya da shi saboda ba a ɗaure shi da gini ba. A kira kafinta ya ɗaure katako da langa-langa ko rodi a jikin bulo, ya canja ƙusoshin da suka saki, a duba farantin sola da tankin ruwa, a rage rassan darbejiyar da suka hau kan rufi ko wayar wuta. Sai lambatu, wanda mu da kanmu muke cikawa da ledar fiya wata da shara, har wasu jira suke ruwa ya sauko su juye kwandon shararsu a ciki wai ya tafi da ita, ina za ta in ba ɗakin maƙwabci ba. Kududdufan da a da suke shanye ruwan gari mun cike su mun yi gini a kai. Ku sami mai unguwa a sa ranar aikin gayya, matasan layi da shebur da baro, awa uku sun gama.

Wani ɗan adaidaita daga Sharada ya ce: "Oga in ruwa ya cika titi ya zan gane wanda zan iya ratsawa? Fasinja suna matsa min."

Ƙanina fasinja ba shi zai biya balas ba in injin ya sha ruwa. Ruwa mai gudu in ya kai santimita 15, wato ya ɗan haura idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, in ya kai 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, to ina ga adaidaita da ba ta kai ta nauyi ba. Kuma ba zurfin ne kaɗai ba, ba ka ganin inda titi ya ƙare lambatu ya fara, ko kwalbatin da aka sace murfinta. In ba ka ganin gefen titi ka faka a tudu ka jira, ruwan Kano awa ɗaya biyu ya janye. Kar ka fake ƙarƙashin bishiya ko allon talla in ana iska da tsawa, wayar wuta kuma in ta faɗo ka ɗauka da wuta a jikinta ko da an ɗauke a unguwar.

Ta ƙarshe daga wata amarya a Hotoro: "Malam in ana ruwa maigida yana shigo da janareta cikin koridon ɗakinmu don kar ya jiƙe, ni kuma kaina ciwo yake. Akwai matsala?"

Akwai babba ma amarya, kuma ciwon kan nan shi ne alamar. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai ji kasala da jiri sai bacci, an sha wayar gari a tarar da 'yan gida ɗaya gaba ɗaya sun rasu a haka. Gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi ma ita yake fitarwa. A yi masa 'yar rumfar kwano a waje nesa da taga, buɗe ta kowane gefe, in ba hali a kashe shi a kwana da tocila. In ruwa ya fara shigowa gida a kashe wuta daga babban makunni tun hannu da ƙafa suna bushe. Tukunyar gas ɗinki kuma in kin ji wari kar ki kunna fitila kar ki kashe, rufe kan tukunyar ki buɗe tagogi ki fita. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta ake kira, ki sa ta a wayarki tare da ta 'yan kwana-kwana mafi kusa da ku da ta wani maƙwabci mai mota, ki kuma rubuta su a takarda ki liƙa a bayan ƙofar kicin saboda ranar da cajin waya ya ƙare.