Tambaya da Amsa: Rabon Fiza a Wasan New York Slice

Tambaya: A wasan New York Slice, wasan tebur na rabon fiza, duk sanda rabo ya zo kaina, kaso mafi muni nake samu. Ina gyara?

Amsa: Dokar ce haka, mai rabo shi ke ɗauka ƙarshe. Fizar yanki 11 ce, za ka kasa ta daidai yawan 'yan wasa in ku 3 zuwa 6 ne, ba tare da sauya jerin yankunan ba. Kuskuren shi ne daidaita yawa maimakon daraja. Lambar kowane irin fiza, 3 zuwa 11, ita ce makin wanda ya fi tara shi. Don haka duba abin da kowa ke tarawa, ka haɗa masa shi da yanki mai kifi, tunda kowane kifi na rage maki 1. Kason da ka ɗora wa katin garaɓasa kuwa, wato katin musamman da ke zuwa da kowace fiza, rage masa yanki.